Birkin baya: daga filin tsere zuwa titin Tudun Wada

Duk wanda ya tsaya a shatale-talen Agoro da ke Tudun Wadar Zariya da hantsi, lokacin da 'yan makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa suka fito gaba ɗaya, ya bar kallon fuskokin masu babura ya dubi ƙafarsu ta dama, zai ga abin da ke riƙe da rayukan jama'a a wannan gari. Ƙafar nan ba ta hutawa. Ita ke taka birkin baya in mai Keke Napep ya tsaya ba sigina, ita ce in akuya ta tsallako titi, ita ce in an iso tudun rage gudu ko ramin da damina ta bari. Hannun dama kuwa yana kan totur, ba safai yake miƙa yatsu ya kamo birkin gaba ba. A babura da yawa ma wayar birkin gaban ta daɗe da tsinkewa, mariƙin yana ta lilo, mai babur bai ga dalilin kashe kuɗi a kanta ba.

A filayen tseren babura na Turai da Asiya abin a juye yake. Can birkin gaba ke yin kusan dukkan aikin, na baya kuwa har rage masa ƙarfi ake yi da gangan. Mai tsere kan cire faifan birkin baya da babur ya zo da shi daga kamfani, ya ɗaura wani siriri mai huji-huji wanda aka zaftare masa duk ƙarfen da za a iya zaftarewa. Wannan ado ya iso mana ta wayar hannu. Ba abin mamaki ba ne yau ka ji saurayin da ya mallaki babban babur na gwanjo, irin su Honda CBR ko Yamaha R6 ko Kawasaki Ninja, yana cigiyar faifai mara nauyi irin wanda ya gani a YouTube, ko yana shawarar kai nasa wurin mai walda a ƙara masa huji. Kafin a kai ga nan ya kamata a san abin da mai tsere ya sani har ya yarda ya rage, a kuma duba ko wannan sanin ya shafi wanda ke zirga-zirga tsakanin Ƙofar Doka da PZ.

Tudun Wada unguwa ce ta tsakiya. Turawan mulkin mallaka ne suka ware ta a farkon ƙarni na 20 domin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba 'yan Birni ba, tsakanin ganuwar Zazzau da Sabon Gari inda tashar jirgin ƙasa take. Har yau matsayinta ke nan. Wanda ya fito daga Birni zai je kasuwar Sabon Gari ta nan zai bi ya haye gadar Kubanni. Ɗalibin Kongo, da mai zuwa tsohon asibitin koyarwa, da mai shiga Gyallesu ko Tudun Jukun ko hanyar Gaskiya, duk a nan suke haɗuwa. Lunguna sun fi manyan tituna yawa, shi ya sa babur ya zama abin hawan kowa. Dattawa na tuna zamanin Vespa da Honda Benly da Suzuki, lokacin da babur na malamin makaranta ne da akawu. Daga baya Jincheng ta ƙasar Sin ta cika gari, sannan Bajaj Boxer ta Indiya ta zo ta karɓe acaba saboda ƙarancin shan mai da jure lodi, roba-roba kuma ta zama ta magidanta da ma'aikata. Kano ta hana acaba a Janairun 2013, jihar Kaduna ita ma ta kafa dokar taƙaita sana'ar a wasu sassanta a 2014, amma babur bai bar titin Zariya ba, ba kuma alamar zai bari.

Kusan duk waɗannan babura birkin hob gare su gaba da baya: lainin biyu masu siffar rabin da'ira a cikin hob, in an taka sai su buɗe su goge jikin ƙarfen daga ciki. Tsohuwar fasaha ce. Tun 1902 Louis Renault ya fito da irinta a Faransa, a shekarar da Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai a Ingila. Na faifan, wanda kanikawanmu ke kira dis, ya jima bai karɓu ba. Sai da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953 aka fara ɗaukarsa da muhimmanci, a babur kuwa Honda CB750 ta 1969 ce ta kai shi hannun jama'a da yawa. Shi faifansa a fili yake, iska na kaɗa shi, ƙananan lainin biyu suna matse shi daga gefe da gefe da ƙarfin man birki.

Inda gudu ke tafiya

Ko na hob ne ko na faifai, aikin birki ɗaya ne: ya mai da gudu ya zama zafi. Ƙarfin da injin ya sha mai ya tara a jikin babur ba ya ɓacewa haka kawai in an so tsayawa. Dole ya tafi wani wuri, wurin kuwa shi ne ƙarfen birki. Lissafin yana da sauƙi, sai dai ba ya sassauci. In nauyi ya ninka, zafin da birki zai sha ya ninka. In gudu ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu, tazarar tsayawa ita ma haka. Boxer da mahayinta shi kaɗai ba su kai kilo 200 ba. A ɗora fasinja da buhun masara, sun haura 300. A gudun kilomita 60 a awa, babur na cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, wato kafin mahayi ya ga yaro ya fito daga lungu, ƙwaƙwalwarsa ta sanar da ƙafarsa, tuni ya share wannan tazara birki bai ko fara aiki ba.

Sai batun inda nauyi ke komawa. Zazzagawa sun san jafi. Ranar hawan Sallah mahayi ya sako doki a guje, ya iso gaban Sarki ya ja linzami, dokin ya tanƙwashe ƙafafun baya ya zauna a kansu ya tsaya cak. Doki na iya haka ne don yana da ƙugu da gwiwar da zai mai da nauyinsa baya. Babur ba shi da su. Da zarar an kama birki nauyi gaba yake tafiya: shokozoban gaba ya nutse, tayar gaba ta danne kwalta, ta baya ta yi sakayau. Taya kuwa gwargwadon nauyin da ke kanta take kama ƙasa. Shi ya sa makarantun koyon tuƙin babur ke koyar da cewa wajen kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayawa daga gaba yake fitowa. A babur ɗin tsere, gajere mai tayoyi masu danƙo, abin kan kai har tayar baya ta ɗaga sama baki ɗaya, tayar da ke iska kuwa kowane irin birki aka sa mata babu abin da za ta tsayar.

A gasar MotoGP, wadda ita ce ƙololuwar tseren babura a duniya, doka ta ce babur kada ya gaza kilo 157. Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu ya kai gudun kilomita 366.1 a awa a kan KTM a filin Mugello na Italiya a 2023. Abin da ke tsayar da irin wannan babur shi ne manyan faifai biyu na kabon a tayar gaba, masu faɗin milimita 320 zuwa 355, ƙirar kamfanin Brembo da aka kafa kusa da Bergamo a 1961. Kabon ɗin ba ya kamawa sosai sai ya ɗauki zafi na ɗaruruwan digiri. A tayar baya fa? Ƙaramin faifai ɗaya na ƙarfe.

To me ya hana su cire shi gaba ɗaya? Ban da cewa doka ta wajabta shi, yana da aikin da ba tsayarwa ba. Mahayi kan ɗan taɓa shi kafin ya kama na gaba domin babur ya zauna daidai, yakan ja shi kaɗan a tsakiyar kwana domin babur ya ƙara shigewa ciki, yakan kuma danna shi in ya fito kwana ya buɗe totur domin kada tayar gaba ta tashi. Labarin Mick Doohan ɗan Ostireliya ya isa shaida. A 1992 ya faɗi a filin Assen na ƙasar Holan ya karya ƙafar dama, raunin ya yi muni har aka yi fargabar yanke ta. Da ya dawo tsere ƙafar ba ta iya taka birki yadda ya kamata, sai aka ƙera masa ɗan mariƙi a hannun hagu wanda yake dannawa da babban yatsa. Da shi ya ci kambun duniya na ajin 500cc sau biyar a jere, daga 1994 zuwa 1998. Mutumin da ya kusa rasa ƙafa bai yarda ya rabu da birkin baya ba, amma abin da yake nema a wurinsa shi ne saita babur. Tsayawa ya bar wa gaba.

Daga nan za a gane dalilin faifai mara nauyi. Duk abin da ke jikin taya, ba a kan shokozoba yake zaune ba, tare da tayar yake tsalle a kowane gargada. In ya yi sauƙi, shokozoba ya fi saurin mai da taya ƙasa, babur ya fi riƙe kwalta. Ƙari a kan haka faifan juyawa yake yi, abu mai juyawa kuwa sai an kashe ƙarfi wajen tashinsa da tsayar da shi da karkata shi. Akwai dalili na uku da mutane ba su cika lura da shi ba: mai tsere ba ya son birkin baya mai saurin cafkewa. Da takalmin tsere mai kauri, a tsakiyar kwana, taka kaɗan ya isa ya kulle taya ya watsar da mutum. Faifan da aka rage wa fili ya fi sassauci, ya fi ba shi damar taɓawa a hankali.

Kuɗin da ake biya shi ne zafi. Ƙarfe gwargwadon yawansa yake shanye zafi. A rage rabinsa, aiki iri ɗaya zai ɗaga zafinsa kusan ninki biyu. Mai tsere ya yarda da wannan ciniki don ya san birkin bayansa ɗan taɓi ne, iskar gudu kuma tana huce shi kafin kwana ta gaba. Ya san kuma bayan kowane tsere za a kwance a duba. Ribar da yake samu 'yan gram ɗari biyu ko uku ce, ba ta kai nauyin lita ɗaya ta fetur ba. Gaskiya ne nauyin da ke jikin taya ya fi wanda ke cikin tanki tasiri, kuma ga wanda ke farautar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa wannan riba ce ta gaske. Ga wanda zai tashi daga Tudun Wada ya je Samaru ta Kwangila, cikin tireloli da cunkoso, babu inda zai ji ta a jikinsa. Zafin ne kawai zai same shi.

In dai sai an saya

Duk da haka akwai masu manyan babura da faifansu ya cinye, dole su sauya, akwai kuma 'yan ƙalilan da ke kai babur filin da aka killace domin gudu. Waɗannan suna da haƙƙin a gaya musu yadda ake zaɓe.

Farko dai faifai ba a saye shi da ido. Faɗinsa dole ya zo daidai da na asali, wanda a yawancin baburan gudu na Japan milimita 220 ne a baya. Ramukan kusoshi su zo daidai, ramin tsakiya ya zauna a hob ba tare da wasa ba, faifan kuma ya faɗa tsakiyar abin da ke matse shi, kada ya karkata gefe ɗaya. Faifan da sai an faɗaɗa masa rami da fayil kafin ya shiga ba na wannan babur ba ne, a mayar wa mai shi. In babur na da na'urar ABS mai hana taya kullewa, a tabbatar zoben da na'urar ke karantawa yana nan yadda yake, domin in ya ɓata na'urar ta daina aiki.

Sai kauri, wanda a nan aka fi cutar masu saye. Kowane faifai na kirki yana da adadi da aka buga a jikinsa, wanda ke nuna iyakar sirancin da aka yarda ya kai. Sabon faifan baya kan kasance milimita huɗu da rabi zuwa biyar, iyakarsa kuma ba ta fi rabin milimita ko ɗaya ƙasa da haka ba. Faifan gwanjo na iya yin ƙyalli alhali ya wuce iyaka tun a ƙasar da ya fito. Farce na iya gano haka: in gefen faifai ya yi tudu, tsakiyar inda lainin ke gogawa ya zurma, ya ci. Amma hukunci na ma'aunin kauri ne, bakaniken da ke taɓa manyan babura ya kamata ya mallake shi. Faifan da babu adadi ko sunan maƙeri a jikinsa, ba wanda ya tsaya masa ke nan.

Ƙarfen da aka fi yin faifan babur da shi shi ne ƙarfen da ba ya tsatsa wanda aka gasa ya yi tauri. Na zubi yana kamawa da kyau amma kwana ɗaya a ruwan Agusta ya ishe shi yin ja. Na jabu kuwa sau da yawa farantin ƙarfe ne kawai aka yanka da siffar faifai, bai ga gashi ba, zafin farko zai lanƙwasa shi. Alamar lanƙwasa ita ce ka ji birki na bugun ƙafarka, yana kamawa yana saki. Huji da tsagi da gefe mai kwana-kwana irin wanda kamfanin Galfer na Sifen ya yi suna da shi suna da amfani: suna kore ruwa da ƙura, suna share fuskar lainin, suna rage nauyi. Amma injiniya ne ya zauna ya lissafa inda kowane huji zai faɗa domin kada zafi ya taru wuri ɗaya. Mai walda, duk ƙwarewarsa, da ido zai huda. Tsagewa daga bakin huji take farawa ta bi zuwa na kusa da shi, faifan da ya tsage a guje kuwa ba ya ba da sanarwa. Ko a cikin na kamfani, wanda aka zaftare ƙwarai yana cin lainin da sauri, maƙeransa da kansu kan rubuta cewa na filin tsere ne kawai. A ɗauki wannan rubutu da gaske.

Sabon faifai sabon lainin yake so, irin wanda ya dace da ƙarfensa, domin tsohon ya riga ya ɗauki zanen tsohon faifai. A wanke faifan daga maiƙon da aka shafa masa a kamfani, a ɗaure kusoshi bi da bi da ƙarfin da littafin babur ya faɗa, a ɗiga musu maganin hana kwancewa, a juya taya a ga ko faifan na rawa. Sannan a yi ta taka birki a hankali a ƙaramin gudu har fuskokin biyu su saba da juna. Man birki shi ma ba a manta da shi. Nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma yana tsotsar laima daga iska, in ya tsufa ya sauko wajen 155. Ranar da siririn faifai ya tura masa zafi ya tafasa, ƙafa za ta taka har ƙasa ba a ji komai ba. Duk shekara biyu ake sauya shi, kuma ba a gauraya shi da DOT 5.

Hukuncina a nan a fili yake. Babur ɗin da zai hau titin jama'a, a sa masa faifai mai cikakken nauyi irin na asali.

Birkin talaka

Amma masu faifai a baya 'yan kaɗan ne a Tudun Wada. Dubban da suka rage hob gare su, kuma su ma ana rage musu birki kullum, ba don tsere ba, don tsadar rayuwa.

Sai an yi wa ɗan acaba adalci tukuna. Dogaron da yake yi da birkin baya ba jahilci ba ne zalla. A Boxer fasinja da lodi a kan tayar baya suke zaune, don haka tayar nan tana da nauyin da za ta kama ƙasa fiye da ta babur ɗin tsere nesa ba kusa ba. A lungu mai yashi ko taɓo kuma, wanda ya cafke birkin gaba da ƙarfi tayar za ta zame ya sha ƙasa nan take. Ya ga haka ya faru, ko ya same shi, sai ya ɗauki darasi. Matsalar ita ce darasin rabi ne. Wannan birki da ya ɗora wa dukkan aikin shi ne kuma wanda ya fi kowane shan wulaƙanci a gareji.

Abin da aka fi ji shi ne, “Oga, a ɗan ɗaure mini birki.” Bakanike ya murɗa notin da ke ƙarshen sandar birki, ƙafa ta ji ya kama, kowa ya kama gabansa. Ɗaurewa ba laifi ba ce, haka aka ƙera shi. Amma kowane murɗi shaida ce cewa lainin ya ƙara cinyewa, in noti ya kai ƙarshen zare to lainin ya ƙare. A nan ne wasu kan zare hannun birki su gusar da shi haƙori ɗaya ko biyu, ko su cusa guntun gwangwani a bakin lainin domin a ƙara kwana. Ɗan ƙarfen da ke buɗe lainin daga ciki yana da iyakar juyawa. In ya wuce ta yana iya tsayawa a gicciye ya ƙi komawa, taya ta kulle a tsakiyar titi da fasinja a baya. Lainin jabu shi ma haka yake yi ta wata hanyar: gam ɗin da ya riƙe shi a jikin ƙarfe ya saki da zafi, ɓallin ya shiga tsakani ya cije. Hob ɗin da lainin ya cinye har ƙarfe ya goge ƙarfe, aka kai aka sassaƙe cikinsa ya yi sumul, ya zama siriri ke nan, ya shiga halin da faifan mai tsere ke ciki ba tare da iskar da ke huce shi ba.

Zafi ya fi yi wa hob illa ma. Faifai in ya yi zafi yana nan tsakanin lainin biyu, hob kuwa buɗewa yake yi ya nisanci lainin, ƙafa ta yi ta nutsewa birki na raguwa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 wata ɗabi'a ta ƙaru: a kashe injin ko a saki giya a gangara domin tsimin fetur. Injin da ke cikin giya yana riƙe babur da kansa in an saki totur. Wanda ya kashe shi ya sallami wannan taimako, ya bar wa ƙaramin hob ɗaya dukkan nauyin. A haɗa da baƙin man da ake zuba wa sarƙa har ya malala cikin hob, da ruwan wanki da ke shiga ya sa birki ya ƙi kamawa a tashin farko, da ƙurar hunturu da ke taruwa a ciki, za a ga cewa abin da ke tsakanin fasinja da asibitin Shika bai taka kara ya karya ba.

Kanikawa su ma suna da nasu kason haɗarin. Yaron gareji kan buɗe hob ya hure ƙurar da baki. Shekaru da yawa da asbestos ake yin lainin birki, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar kowane nau'insa na jawo ciwon daji, ga shi lainin mai araha ba ya zuwa da bayanin abin da aka haɗa shi da shi. Tsumma mai laima ya wadatar a goge ƙurar. Abin alfahari ne cewa a nan Zariya, a sashen injiniyan kanikanci na Jami'ar Ahmadu Bello, an yi bincike an wallafa kan haɗa lainin birki mara asbestos daga ɓawon ƙananan dodon-koɗin bakin teku, wasu jami'o'in ƙasar nan kuma sun gwada ɓawon ƙwarar manja. Abin baƙin ciki shi ne tsakanin ɗakin binciken Samaru da shagon safaya na Tudun Wada tafiyar 'yan mintoci ce, amma har yau ba su haɗu ba.

Sauran rabin darasin shi ne birkin gaba. A 1981 Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da binciken haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles. Cikin abin da ya gano, mahaya da yawa in haɗari ya taso sukan danne birkin baya har taya ta ja, su bar na gaba bai yi aikin da zai iya ba. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma kamar a gadar Kubanni aka yi binciken. Birkin gaba ba ya kayar da mutum don an kama shi. Yana kayarwa ne in an fizge shi lokaci ɗaya, ko an kama shi babur na karkace. Wanda ya matsa a hankali ya bar nauyi ya sauka kan tayar gaba sannan ya ƙara matsawa, ƙafarsa kuma na taka na baya, zai tsaya a tazarar da mai birkin baya kaɗai ba zai taɓa tsayawa ba. Wannan abu ne da ake koya a fili mara mutane cikin yini ɗaya.

Wasu ƙasashe ba su bar abin ga koyo kaɗai ba. BMW ta fara sa ABS a babur tun 1988. Tarayyar Turai ta wajabta shi a sababbin baburan da suka haura 125cc daga 2016. Indiya, inda ake ƙera Boxer da TVS, ta wajabta daga Afrilun 2019 cewa manyan babura su zo da ABS, ƙanana kuma aƙalla su zo da haɗin da ke sa in an taka birkin baya na gaba ma ya kama. Wannan haɗi kamar don ɗan acabanmu aka ƙirƙiro shi, tunda yana aiki da ɗabi'ar da ya riga ya saba. Amma mafi yawan waɗanda ake shigo mana da su ba su da shi, don ba mu nema ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana da ikon nema, kamar yadda take da alhakin tsare mu daga lainin jabu.

Zariya ba ta rasa masu sani ba. Ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a Basawa tun 1986, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a maƙwabtan Tudun Wada, ga jami'an FRSC da na KASTLEA a kan titi kullum. Ina kira gare su da su zauna da shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaba da na kanikawa, a ware fili a koya wa matasa kama birki biyu tare, a nuna wa yaran gareji iyakar lainin da iyakar hob. Jami'in da ya tsayar da babur, bayan takarda da hular kwano, ya matsa mariƙin birkin gaba ya ji ko akwai waya a ciki.

Kai kuma mai babur, ranar da za ka kai shi juyen mai, ka ce a buɗe hob ɗin baya ka ga lainin da idonka. In ya cinye a sauya shi da mai suna, kada a ɗaure. In wayar birkin gaba ta tsinke a sa sabuwa kafin ka bar garejin, kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba.